Farautar Aladun Daji a Duhu: Wane Madubin Saiti Ne Ya Dace da Bindigar Maharbi?

Duk mai bibiyar bidiyoyin farauta a YouTube ko Facebook da wuya bai ci karo da irin wannan hoton ba: fili baƙi ƙirin, wasu dabbobi farare fat suna kiwo a gona, ga wata 'yar alamar gicciye tana bin su. Akasarin waɗannan bidiyoyi daga jihohin kudancin ƙasar Amurka suke fitowa, musamman Teksas, dabbobin kuwa aladun daji ne. Ganin haka ya sa mutane da yawa suka ɗauka cewa duk madubin da aka ɗora a kan bindiga yana gani cikin duhu, ko kuma wanda ya fi girma ya fi jawo abu kusa shi ne ya fi haske. Ko a tsakanin maharban can wannan ruɗani yana nan, har wasu kan zuba kuɗi masu yawa su sayi abin da bai dace da lokacin farautarsu ba. Gaskiyar lamarin ita ce madubin gilashi ba ya ƙirƙirar haske, abin da ya samu yake miƙa wa ido. Saboda haka zaɓi yana farawa ne daga tambaya biyu: yaya duhun yake, kuma daga wace tazara za a yi harbin?

Ma'anar Kalmomi

Madubin saiti shi ne bututun hangen nesa da ake ɗaurawa a saman bindiga. Yana da gilashin gaba, wanda ke karɓar haske, da gilashin baya, wanda maharbi ke leƙawa. A cikinsa akwai alamar saiti, wato siraran layuka da suka gicciye juna ko ɗigo guda, da ke nuna inda harsashi zai faɗa.

A jikin kowane madubi akan rubuta lambobi kamar 3-9x40. Lambobi biyun farko suna nufin madubin yana ninka girman abu daga sau 3 zuwa sau 9, gwargwadon yadda maharbi ya murɗa shi. Ta ƙarshen kuwa faɗin gilashin gaba ce, milimita 40. Idan aka ga 8x56, ninkin ba ya canzawa, sau 8 ne kawai, gilashin gaba kuma milimita 56.

Shi ma duhu kala-kala ne. Akwai na almuru da na duku-duku, lokacin da sararin sama ke da sauran haske, wanda kan ɗauki kamar rabin awa bayan faɗuwar rana ko kafin fitowarta. Akwai daren farin wata. Akwai kuma duhu na sosai, babu wata, ko cikin kurmi. Kowanne da na'urar da ta dace da shi.

Aladen dajin Amurka ba gadu ba ne, duk da suna da dangantaka. Gadu dabbar dawan Afirka ce mai zaman kanta, ta kuma fi yawo da rana. Na Amurka jikokin aladun gida ne da suka ɓalle suka koma daji, wasunsu sun gauraya da aladen dajin Turai.

Asalin Matsalar

Nahiyar Amurka ba ta da irin wannan alade tun asali. Turawan Sifaniya ne suka kawo shi a ƙarni na 16, ciki har da ayarin Hernando de Soto da ya sauka a Fulorida a 1539 da garken aladu a matsayin guzuri. Manoman da suka biyo baya sun daɗe suna sakin nasu su yi kiwo a daji, da yawa kuma ba su dawo gida ba. Daga baya masu sha'awar farauta suka shigo da aladen dajin Turai, kamar waɗanda aka kai wani gandu a tsaunin Hooper Bald na jihar Karolina ta Arewa a 1912, suka kuma tsere daga shingen.

A yau Ma'aikatar Noma ta Amurka tana ƙiyasta cewa yawansu ya haura miliyan 6, a jihohi aƙalla 35, Teksas kuma ita ke da kaso mafi girma. An daɗe ana ambaton dala biliyan ɗaya da rabi a matsayin asarar da suke jawowa a shekara, ƙiyasin baya-bayan nan kuma ya kai dala biliyan biyu da rabi. Suna tone gonakin masara da gyaɗa da shinkafa, suna lalata makiyaya da shinge, suna gurɓata ruwa, suna kuma ɗauke da cututtukan da ke kama dabbobin gida, wasu ma har mutane. Wannan ya sa gwamnatin tarayya ta kafa shiri na musamman a 2014 domin rage ɓarnarsu.

Abin da ya sa suka gagara shi ne saurin haihuwa. Cikin mace bai kai wata huɗu ba, takan fara haihuwa kafin ta cika shekara, tana iya haihuwa sau biyu a shekara, kowane karo 'ya'ya huɗu zuwa shida ko fiye. Masu bincike a Teksas sun nuna cewa sai an kawar da kusan kashi biyu cikin uku na garken duk shekara kafin yawansu ya tsaya cik, balle ya ragu.

Me Ya Mayar da Farautar Dare?

Dalili na farko jikin dabbar ne. Alade ba ya yin gumin da zai sanyaya shi, don haka a zafin kudancin Amurka yakan wuni cikin taɓo da inuwar kurmi, ya fito kiwo idan gari ya yi sanyi. Na biyu wayonsa ne. Garken da aka taɓa harbi da rana nan da nan yake mayar da yawonsa tsakar dare. Idonsa ba shi da ƙarfi sosai, amma hancinsa ba ya kuskure, shi ya sa maharbi da ya kula da inda iska ke kaɗawa yake iya matsowa kusa. Mafi yawan harbin a tazarar da ba ta wuce mita 100 ba ake yin sa.

Ga kuma launinsa. Yawancinsu baƙaƙe ne ko masu duhun ja, suna fitowa daga bakin kurmi mai duhu. Wurin da ya kamata harsashi ya samu ƙarami ne, domin zuciya da huhun alade sun fi na barewa matsawa gaba da ƙasa, manyan mazan kuma suna da kakkaurar fata kamar garkuwa a kafaɗa. Harbin da ya kauce kaɗan yana barin dabba da rauni ta shige daji tana wahala, tana kuma iya far wa wanda ya bi sawunta. Ke nan ganin dabbar kawai bai wadatar ba, sai an ga sassan jikinta.

Lissafin Haske

Duk wanda ya riƙe madubi nesa kaɗan da fuskarsa ya fuskanci sama zai ga wani ɗan da'irar haske a gilashin baya. Wannan shi ne faɗin hasken da ke fitowa zuwa ido. Lissafinsa mai sauƙi ne: a raba faɗin gilashin gaba da yawan ninki. Madubi 3-9x40 idan aka murɗa shi zuwa 9 yana ba da milimita 4.4, idan aka sauko zuwa 6 kuma ya ba da kusan 6.7. Madubin harbin nesa mai lamba 6-24x50, idan aka kai shi ƙarshe, milimita 2 da ɗan kaɗan yake bayarwa. Shi ya sa hoton ke dushewa da almuru daidai lokacin da sabon maharbi ya ƙara ninki yana neman ya gani da kyau.

Iyakar amfanin wannan da'ira ita ce idon mutum. Kafar da ke tsakiyar ƙwayar ido takan buɗe a duhu har kusan milimita 7 ga matashi, amma ga wanda ya manyanta takan tsaya wajen 5. Hasken da ya wuce faɗin wannan kafa zuba yake a gefe, kamar mai ɗura ruwa da bokiti a bakin gora. Daga nan ne sanannen madubin maharban Jamus, 8x56, ya samo hujjarsa, domin 56 a raba da 8 ya ba da 7 cif. Shekaru da dama da shi suke zama a kan dakalin katako mai tsawo a bakin gona suna jiran aladen daji a daren farin wata. Gilashin milimita 56 yana da fili kusan ninki biyu na mai 40, saboda haka yana barin maharbi ya yi amfani da ninki mai yawa ba tare da hoton ya dushe ba. Sai dai yana da nauyi, kuma dole a ɗaga shi sama da bindiga, abin da kan hana kumatun maharbi zama daidai a kan gindinta. Ga dattijon da idonsa ba ya buɗewa fiye da milimita 5, madubi mai gilashin 42 ko 44 a ninki 8 ya riga ya ba shi duk abin da idonsa zai iya karɓa.

Ido yana kuma buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, leƙa waya sau ɗaya kuma yana rushe wannan sabo.

Abubuwan da Lamba Ba Ta Nunawa

Madubai biyu suna iya ɗaukar lamba iri ɗaya amma ɗaya ya ba maharbi ƙarin mintuna na gani bayan ɗayan ya gaza. Bambancin yana cikin ingancin gilashi da shafen da aka yi masa. Duk fuskar gilashi marar shafe tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya same ta. Idan haske ya ratsa irin waɗannan fuskoki goma, kusan kashi ɗaya cikin uku ya salwanta, madubin zamani kuwa yakan fi haka yawan fuskoki. Wani masani mai suna Alexander Smakula ne ya samar da shafen hana wannan asara a kamfanin Zeiss na Jamus a 1935. A yau madubai masu inganci, waɗanda aka yi wa kowace fuska shafe hawa-hawa, suna isar da fiye da kashi 90 cikin 100 na hasken. Shafen yana kuma rage walƙiyar da ke wanke hoto idan ana fuskantar yamma da almuru.

Akwai wani kuskure da ya yaɗu game da kaurin bututu. Ana samun mai inci ɗaya da mai milimita 30 ko 34, wasu kuma suna zaton mai kaurin ya fi shigar da haske. Amfaninsa na ainihi shi ne ƙarfi da ƙarin filin gyara saiti sama da ƙasa, hagu da dama, abin da mai harbin nesa ne ya fi buƙata.

Alamar saiti kuwa ita ce inda madubai da yawa ke gazawa wajen farautar alade. Siririn baƙin layi a kan baƙar dabba ɓacewa yake. Maganin farko da aka samu shi ne layuka masu kauri daga gefe da ke jan ido zuwa tsakiya, kamar samfurin Jamus mai lamba 4 da samfurin Duplex da kamfanin Leupold ya fitar a 1962. Maganin zamani shi ne jan ɗigo mai haske a tsakiya. Abin lura a nan shi ne madubin ya iya rage hasken ɗigon har ya zama da ƙyar ake ganinsa, domin ɗigo mai tsananin haske yana rufe dabbar, yana kuma tsuke kafar ido. Yawancinsu da batir suke aiki. Wasu, kamar AccuPoint na kamfanin Trijicon, suna amfani da zaren gilashi mai tara haske da rana, da kuma tiritiyam, wato wata iska da ke sa ɗigon ƙyalli ba tare da batir ba, wadda ƙarfinta ke raguwa da rabi a kusan shekara 12.

Sauran sharuɗɗan su ne madubin ya zama rufaffe an cika shi da iskar naiturojin ko argon don kada raɓa ta sa ya yi hazo daga ciki, ya kuma bar tazara kamar santimita 9 tsakaninsa da ido don kada dukan bindiga ya fasa gira.

Idan Haske Ya Ƙare

Bayan almuru, idan babu wata, madubin gilashi mafi tsada ma ya kai iyakarsa. Hanyoyi uku suka rage.

Mafi araha ita ce fitila ja ko kore, a ɗaura ta a bindiga ko a rataye ta inda ake zuba masara don jawo garke. Aladu ba su cika firgita da waɗannan launuka kamar farin haske ba, musamman idan an ƙara shi a hankali, amma garken da aka harba ƙarƙashin fitila yakan koyi gudunta.

Ta biyu madubin ganin dare. Iri ɗaya yana ninninka ɗan hasken taurari da wata ta hanyar bututun lantarki, shi ne mai koren hoto da aka sani da sojoji. Ɗayan kyamara ce ta dijital da ke aiki da fitilar infirared, wato hasken da idon mutum ba ya gani. Wannan ya fi araha, yana kuma nuna siffar dabba dalla-dalla, sai dai ganye ko hazo da ke gaban maharbi yakan mayar da hasken fitilar ya kashe hoton.

Ta uku madubin zafin jiki, wanda ke fitar da fararen dabbobin nan na bidiyo. Ba ya buƙatar haske ko kaɗan, domin zafin da ke fita daga jiki yake karantawa. Gilashin gabansa ma ba gilashi ba ne, wani ma'adini ne mai suna jameniyam, saboda gilashin taga yana tare irin wannan zafi. Babbar lambar da ake dubawa ita ce yawan ɗigogin hoto. Mai 384 sau 288 yana da ɗigo kusan dubu 110, mai 640 sau 480 kuma ya haura dubu 300. Duk lokacin da aka ninka hoton sau biyu ta hanyar lantarki, kashi ɗaya cikin huɗu na ɗigogin ne ke aiki, hoton ya yi burushi-burushi. Kamfanoni irin su Pulsar da AGM da ATN suna sayar da su daga kusan dala dubu ɗaya zuwa dubbai masu yawa.

Babban haɗarin wannan na'ura shi ne tazarar da ke tsakanin hango abu da tantance shi. Talla takan ambaci nisan da na'urar ke hango zafi, wanda kan kai kilomita ko fiye, alhali nisan da za a iya rantsuwa cewa alade ne, ba ɗan maraƙi ko kare ko mutum a durƙushe ba, bai kai kusa da haka ba. Ba ta kuma cika nuna siririyar wayar shinge ko reshen da ke kan hanyar harsashi ba.

Inda Ra'ayi Ya Bambanta

Saɓani na farko a kan ninki ne. Masu zaman kwanto a wuri guda suna son 2.5-10x56 ko 3-12x56, domin suna da lokacin zaɓar dabba ɗaya su auna ta. Masu bin garke a ƙafa sun fi son ƙananan madubai irin 1-6x24. Hujjarsu faɗin gani ce: a ninki 9 maharbi yana ganin fili kamar mita 4 a tazarar mita 100, a ninki 3 kamar mita 11, a ninki 1 kuwa fiye da mita 30. Da zarar an yi harbin farko garke watsewa yake, mai ƙuntataccen gani kuma ba ya sake samun ko ɗaya. Raunin irin wannan madubi shi ne ƙaramin gilashin gaba, wanda a ninki 6 milimita 4 kawai yake bayarwa, don haka yana riga babban madubi gazawa.

Na biyu a kan adalcin farauta ne. Wasu maharban gargajiya suna ganin na'urar zafin jiki ta cire gwaninta daga sana'ar, ba ta bar wa dabba mafita ba. Manoma da masu kiwon shanu suna amsa cewa wannan aikin kare amfanin gona ne, kuma harbin da aka gani sarai ya fi rage wa dabba wahala.

Na uku ya fi zurfi, shi ne ko farautar tana rage aladun ma. Masana namun daji da dama suna nuna cewa babban tarko mai shinge da ke kama garke ɗungurungum ya fi harbi tasiri, domin harbi yana kashe kaɗan ya tarwatsa sauran, ya kuma ƙara musu wayo. An kuma gano cewa sha'awar farautar ce ta sa wasu suka riƙa ɗaukar aladu a mota suna sakinsu a sababbin wurare. Saboda haka jihar Mizuri ta hana farautarsu a filayen hukumar kare dajinta a 2016, ta mayar da hankali ga tarko. Teksas ta bi wata hanyar daban: a 2011 ta ba mafarauta damar biyan kuɗi su yi harbi daga jirgi mai saukar ungulu, a 2019 kuma ta cire sharaɗin lasisin farauta ga mai harbin alade a filin wani da izinin mai filin.

Doka Kafin Saye

Na'urar da ta halatta a wata jiha laifi ce a wata. Teksas ta yarda da farautar alade da dare a filaye masu zaman kansu, da fitila ko na'ura. Kalifoniya ta taƙaita farautarsa ga lokacin da akwai hasken rana, ta kuma haramta na'urorin ganin dare wajen farauta. Fitar da manyan na'urorin daga Amurka zuwa wata ƙasa yana ƙarƙashin dokokin kayan yaƙi, sai da izini. A Jamus ma an daɗe ana haramta wa maharba haɗa na'urar dare da bindiga, sai a 2020 aka sassauta, aka yarda da irin wadda ake maƙalawa a jikin madubin gilashi, bisa sharuɗɗan kowace jiha. Sassaucin ya zo ne ana fargabar cutar zazzaɓin aladu ta Afirka, wadda a watan Satumba na wannan shekarar ta bayyana a jikin aladen daji a jihar Brandenburg ta ƙasar.

Abin da Ake Hasashe

Idan aka tattara, zaɓin ya kasu gida uku. Mai farautar almuru da daren farin wata daga wuri guda yana buƙatar gilashi mai kyakkyawan shafe, faɗin milimita 42 zuwa 56, ninkin da ke farawa daga 2 ko 3, da ɗigo mai haske da ake iya ragewa. Mai bin garke cikin kurmi a kusa ya fi amfana da ƙaramin ninki da faɗin gani. Mai fita tsakar dare kuwa sai na'urar lantarki, maharba da yawa ma sukan riƙe ƙaramar na'urar zafin jiki a hannu don nema, saboda kada su riƙa nuna bakin bindiga ga abin da ba su tantance ba tukuna.

Farashin na'urorin zafin jiki yana ta sauka, don haka ana sa ran ƙarin mutane za su shiga farautar dare, hukumomi kuma za su ƙara fuskantar matsalar masu fakewa da alade suna harbin barewa ba bisa ƙa'ida ba. A ɗaya ɓangaren, bayyanar zazzaɓin aladu na Afirka a Jamhuriyar Dominika da Haiti a 2021 ta tayar da hankalin masu kiwon alade a Amurka, domin idan cutar ta shiga garken daji shawo kanta zai yi matuƙar wuya. Wannan barazana tana iya tura wasu jihohi su sassauta dokar harbin dare kamar yadda Jamus ta yi, wasu kuma su bi sawun Mizuri su damƙa aikin ga ƙwararrun masu tarko.